Babi na Tara: Ɗalibtar Mariam Issoufou, Mai Zanen Gine-gine

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sigogin rubutun tarihin rayuwa da matakan da marubuci yake bi wajen tattara bayanai. A wannan babi za a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Galibin misalan da ɗaliban Hausa suka saba gani na sarakuna ne da malamai da mawaƙa. A nan an zaɓi mace, 'yar Jamhuriyar Nijar, wadda sana'arta ita ce zanen gine-gine, wato Mariam Issoufou, wadda aka fi sani a da da Mariam Kamara. Kuma ba dukkan rayuwarta za a duba ba, za a tsaya ne a kan shekarun da ta yi tana ɗaliba a jami'a.

Dalilin wannan zaɓi shi ne wata al'ada da ta yi katutu a rubutun ɗalibanmu. Idan aka ce ɗalibi ya rubuta tarihin wani, sai ya jero makarantu kamar mai karanta takardar neman aiki: ya yi firamare a wuri kaza, ya yi sakandare a wuri kaza, ya samu digiri a shekara kaza. Daga nan sai ya tsallaka zuwa muƙamai. Alhali kuwa sau da yawa tambayar da mutum zai shafe rayuwarsa yana amsawa a zamanin ɗalibta take tsirowa. Wanda ya tsallake wannan zango ya rubuta jerin takardun shaida ne kawai. Ana fata a ƙarshen babin ɗalibi zai iya gano irin wannan tambaya a rayuwar wanda yake nazari, kuma zai iya juya labarin ya zama darasin harshe a ajin ƙaramar sakandare.

9.1 Matsalar Suna

Kafin a shiga labarin, akwai wata matsala ta kalma da ya kamata a warware. Hausa tana da kalmar magini tun fil azal, tana da Sarkin Magina a fadoji. A Zariya har yau akwai unguwa mai suna Babban Gwani, laƙabin Malam Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Irin wannan gwani shi ne mai tsarawa, shi ne kuma mai ɗora tubali. Taswirar ginin a kansa take, kuma a ƙasa yake shata ta.

Ilimin boko ya raba wannan aiki gida biyu. Wani yana zaune a ofis yana zana gini a takarda, wani kuma yana cikin rana yana ɗora bulo. Na biyun shi ne ya gaji sunan magini, ko kuma a kira shi birkila. Na farkon kuwa har yanzu bai samu tsayayyen suna ba. Mutanen gari kan ce injiniya, wanda kuskure ne, domin aikinsu daban. 'Yan jarida kan ce akitek, ko masanin zanen gine-gine. A wannan littafi an zaɓi mai zanen gine-gine saboda kowane Bahaushe zai gane shi ba tare da ƙarin bayani ba, ko da yake yana da rauni: yana sa mai ji ya ɗauka aikin zane ne kawai, alhali rabinsa tunani ne a kan yadda mutane za su zauna, su yi girki, su yi salla, su karɓi baƙo a cikin ginin.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An fara koyar da shi a Ibadan a 1952, aka dawo da sashen Zariya a 1955, ya kuma zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A nan ne Muhammad Namadi Sambo, wanda ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ya yi digirinsa na farko da na biyu a shekarun 1970.

9.2 Doguwar Hanya

An haifi Mariam Issoufou a 1979 a garin Saint-Étienne na Faransa, amma a Nijar ta tashi. Ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewacin ƙasar, kusa da Agadas, birnin da tsofaffin unguwanninsa da hasumiyar masallacinsa duk na ƙasa ne. Ta sha faɗa a hirarraki cewa sha'awar zanen gini ta daɗe a ranta, amma da ta samu damar karatu a Amurka sai ta zaɓi abin da ake gani ya fi tabbacin abinci, wato ilimin kwamfuta. Ta yi digiri na farko a Jami'ar Purdue a 2001, ta yi na biyu a Jami'ar New York a 2004, ta kuma yi kimanin shekara bakwai tana aikin kwamfuta.

Bayan duk wannan ne ta ajiye aiki ta koma aji. Ta shiga Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, a can arewa maso yammacin Amurka, inda ta kammala digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a 2013, tana da shekara 34. Ɗalibin da ke ganin ya makara domin ya shigo kwalejin ilimi bayan ya yi aure, ko bayan ya yi shekaru yana tireda, ya lura da wannan lissafi.

Marubucin tarihi ba zai wuce wannan mataki da gudu ba. Abin tambaya a nan shi ne: me mutum yake asara idan ya bar albashi ya koma ɗalibi, me kuma yake zuwa da shi wanda sauran 'yan ajinsu ba su da shi? Mariam ta shiga aji da abu biyu. Tana da horon mai kwamfuta, wanda ya saba warware matsala mataki-mataki. Tana kuma da idon wadda ta san yadda ɗakin ƙasa yake riƙe sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, abin da ɗalibin da ya tashi a Siyatil, garin ruwan sama da hazo, sai dai ya karanta a littafi.

9.3 Kundin Digiri da Kalmar Fada

Karatun zanen gini ya sha bamban da irin wanda muka saba. Ba lacca da jarrabawa ne ginshiƙinsa ba. Kowane ɗalibi yana da teburinsa a wani babban ɗakin aiki, a ba shi fili da buƙata, a ce misali ya tsara makaranta ko asibiti, ya yi makonni yana zane yana haɗa ɗan samfuri da kwali da katako. A ƙarshe ya liƙa aikinsa a bango, ya tsaya gaban malamai da baƙi su yi ta sukarsa yana karewa. Ɗalibinmu da ya taɓa tsayawa gaban allo a lokacin koyon aikin koyarwa, mai duba shi yana zaune a bayan aji da biro a hannu, ya san ɗanɗanon abin. Sai dai tarihin gine-ginen da ake koyarwa a irin waɗannan makarantu mafi yawansa na Turai ne da Amurka, kuma Mariam tana cikin waɗanda suka yi ta nuna wannan giɓi daga baya.

Da lokacin rubuta kundi ya zo, sai ta waiwayi gida. Ta sa wa aikin suna Mobile Loitering da Ingilishi, kuma batunsa shi ne matsayin 'yan mata a titunan Yamai. Domin a fahimci matsalar, sai an fara fahimtar wata kalma.

A Daidaitacciyar Hausa, fada ita ce wurin zaman sarki da fadawansa (a kula da rubutu, kada a haɗa ta da faɗa mai ɗ mai lanƙwasa). A Nijar kuwa, tun wajejen shekarun 1990, kalmar ta samu sabuwar ma'ana: dandalin samari a ƙofar gida ko a bakin titi, inda suke shimfiɗa tabarma ko su ajiye benci, su dafa shayi, su yi karta, su saurari waƙa har dare ya raba. Kowace fada da sunanta, sau da yawa a rubuce a jikin bango. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta wallafa littafi sukutum a kan wannan al'ada a 2019. A fagen ilimin ma'ana wannan misali ne na faɗaɗa ma'ana, kuma akwai zolaya a cikinsa, domin saurayin da ba shi da aikin yi ya naɗa wa bencinsa sunan majalisar sarki. A wajenmu a Katsina da Funtuwa majalisa ake cewa, ita ma kalmar manya ce da matasa suka ara.

To, fada ta maza ce. Budurwar da ta zauna a bakin titi tana hira za ta sha tsegumi, kuma tsegumin yana iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta. Abin da Mariam ta lura da shi shi ne, al'ummar da ta hana yarinya zama ba ta hana ta tafiya ba. Ana aikenta kasuwa, tana zuwa makaranta, tana kai saƙo gidan gwaggo, tana raka ƙawa. Saboda haka 'yan matan sun mayar da tafiyar kanta ta zama fadarsu: su jera su biyu ko uku, su rage sauri, su bi doguwar hanya, su ƙare hirarsu a tafe. Duk wanda ya san rakiya a ƙasar Hausa, inda mai raka baƙuwa takan kai ta har ƙofar gida sannan baƙuwar ta juyo ta sake rako ta, ya san ba a Yamai kaɗai ake wannan dabara ba.

Shawarar da kundin ya kawo ba ta gina wa mata wani zagayayyen wuri ba ce, irin cibiyoyin da akan buɗe da biki sannan a bar wa awaki. Ta tsara hanya ce wadda ta ratsa unguwanni, ta haɗa wuraren da yarinya take da hujjar zuwa, aka kuma jera mata inuwa da wuraren ɗan tsayawa da na karatu da na saye da sayarwa, ta yadda mai tsayawa ba za a ce ta zauna ba. A ganina a nan hikimar aikin take. Ba ta yi fito-na-fito da iyaye ba, ba ta kuma yi kamar matsalar ba ta nan ba. Mai suka yana iya cewa wannan lallaɓa al'ada ne maimakon gyara ta, kuma sukar tana da ƙarfi, ya kamata malami ya bar ɗalibai su yi muhawara a kanta. Amma ko mai sukar zai yarda cewa sai wanda ya zura ido sosai a kan mutanensa yake iya ganin abin da kowa yake gani kullum bai ɗauke shi komai ba.

Sunan kundin ma abin nazari ne ga ɗalibin fassara. Kalma ta farko tana nufin abin da ke tafiya, ta biyu kuma tana nufin tsayuwa a wuri ba da wani dalili ba, har dokokin wasu ƙasashe suna hukunta mai yin ta. An haɗa kishiyoyi biyu ke nan da gangan. Idan aka ce gantali, an kawo zargi, an kuma rasa ma'anar tsayuwa. Idan aka ce yawo, an rasa zargin gaba ɗaya. Zaman hira a tafe ya fi kusa, domin ya riƙe karon da ke tsakanin zama da tafiya, amma ya yi laushi.

9.4 Abin da Ɗalibtar ta Haifar

A jami'ar ne kuma ta samu abokan aikinta na farko. A 2013 ita da malamarta Elizabeth Golden, da Yasaman Esmaili 'yar Iran, da Philip Sträter Bajamushe, suka kafa wata ƙungiyar masu zane mai suna united4design. Aikinsu da ya yi fice shi ne rukunin gidaje shida a Yamai da aka kammala a 2016, aka sa masa suna Niamey 2000. An gina shi da bulon jar ƙasa wanda ake ɗan surka wa siminti a matse da inji, ba a gasa shi. A 2022 ya shiga jerin ayyukan da aka tace domin lambar yabo ta Aga Khan.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Mutanen garin suna da tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa, suna son sabo. Tsohon kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin gargajiya wanda masallacin da ya gina a Yama ya samu lambar Aga Khan a 1986. Mariam da Yasaman suka tsara sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gayyato maginan gargajiya suka yi aikin tare. An kammala a 2018, aka kira wurin Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Ɗalibi ya lura cewa tambayar kundin digiri ba ta ɓace ba: ɗakin karatu a harabar masallaci wuri ne da mace da yarinya suke da hujjar zuwa kowace rana. A 2022 aka naɗa Mariam farfesa a babbar jami'ar fasaha ta Zurik da ke Suwizalan.

9.5 Masomi

A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna atelier masōmī, kafin daga baya ya koma amsa sunanta. Kalmar farko Faransanci ce, ma'anarta ɗakin aiki. Ta biyu Hausa ce tsantsa, kuma 'yan layukan da ke kan o da i alamar dogon wasali ce, irin wadda ƙamusoshi da littattafan nahawu suke amfani da ita, wadda rubutun yau da kullum ba ya nunawa.

Masomi ta samu ne daga aikatau soma. An yi wa saiwar som- ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i. Wannan ƙira ta ma- tana haifar da sunaye iri uku. Akwai na mai aikatawa, kamar magini da manomi da marini. Akwai na wuri, kamar masauki da mazauni da marina da majema. Akwai na kayan aiki, kamar mabuɗi da magirbi. A rubuce magini da masomi kamar ƙirarsu ɗaya, amma kunne yana raba su. Magini yana da karin sauti sama, ƙasa, sama. Masomi kuwa duk gaɓoɓinsa sama suke, kamar sauran sunayen wuri da na kayan aiki. Masomi wuri ne, sai dai wuri a cikin lokaci, inda abu ya faro. Malami ya sa yara su furta kalmomin biyu a jere, za su ji bambancin tun kafin a ba su sunansa.

9.6 Daga Littafi Zuwa Aji

Mu ɗauka an tura ɗalibi koyon aikin koyarwa a 'Yankara, a ƙaramar hukumar Faskari, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko a Ƙanƙara, ko a Sabuwa. Yaran da zai tarar sun san siminti da bulo da rodi da kwano da kankare, dukkansu ararrun kalmomi ne ko tsofaffi da aka ba sabuwar ma'ana. Ya gwada tambayarsu azara. Wasu za su sani, amma kaɗan ne za su iya cewa daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, kuma saboda ba ta jure nauyi idan tazara ta wuce kimanin mita biyu ne magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin su rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya tambaye su makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa a yi yaɓe da ita. Ya tambaye su katsi, wanda ake kwasowa daga ramin marina, da laso, wanda ake haɗawa da katsin da gashin jima da dafara domin hana ruwa ratsa rufi. Kalma guda, laso, ta haɗa marini da majemi da magini a aiki ɗaya. Ranar da ta fita daga bakin yara, wannan sani ya bi ta. Haka zanko da indararo da tulluwa da daɓe.

Abin ya fi gaggawa a wannan yanki fiye da wasu wurare. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sama da shekara goma ya tashi ƙauyuka da dama, kuma gidan ƙasa da ba a yi masa yaɓe ba damina kaɗan ke kai shi ƙasa. Tsofaffin maginan da suka san aikin suna zaune a cikin garuruwa, da yawansu sun daina gini. Wannan yana nufin ɗalibi ba ya buƙatar shiga daji, kuma ba a yarda ya shiga ba. Ya nemi mai unguwa ya haɗa shi da dattijo ɗaya, ya je da littafi da biro, ya gaida shi da ladabi: "Baba, a koya mini sunayen kayan aikinku." Ya rubuta kowace kalma yadda aka furta ta, ko da ta saɓa wa Daidaitacciyar Hausa, domin yankin yana kan iyakar Katsina da Zamfara da Zazzau, kuma bambancin karin harshe shi kansa bayani ne.

Akwai yaran da za su yi dariya, domin a wurinsu ginin ƙasa alamar talauci ce. Kada malami ya yi musu faɗa, kada kuma ya ɓoye gaskiya: ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, kuma wanda ya samu hali ya sayi siminti ba wawa ba ne. Abin da zai yi shi ne ya faɗa musu cewa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, da ƙasa aka gina ta, kuma ginin yana nan a matsayin gidan tarihi. Sannan ya tambaye su wane ɗaki ya fi daɗin zama da ƙarfe ɗaya na rana a bazara, ajinsu mai rufin kwano ko zauren kakansu.

9.7 Jinga

1. Kawo fassara biyu na sunan kundin Mariam Issoufou ban da waɗanda aka ambata a 9.3, ka bayyana abin da kowace ta riƙe da abin da ta zubar.

2. Rarraba waɗannan kalmomi gida uku bisa ƙirar ma-, ka nuna karin sautin kowace: masaƙi, masaƙa, matsefi, mahauci, mahauta, madubi.

3. Zaɓi mutum ɗaya a garinku wanda ya yi karatu mai zurfi ko ya koyi sana'a a hannun gwani. Rubuta shafi biyu a kan shekarun koyonsa kaɗai, ba tare da ka ambaci wani muƙami da ya riƙe daga baya ba.

4. A ina 'yan matan unguwarku suke hira? Yi kwana uku kana lura, ka rubuta abin da ka gani ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ɗalibai mata su rubuta daga abin da suka sani, a kwatanta rubutun ɓangarorin biyu a aji.